Kirarin Mai Tafiya Bisa Wuƙa

Tun da na sauko daga kamiyon Damagaram, babbar motar kayan nan, ban huta da tambaya ba. A rumfar Mamman tela, a ƙofar masallaci, har a wurin allurar shanu a Tenhya, inda wani makiyayi ya riƙe mini hannun riga yana so ya ji ko gaskiya ne a ƙasar Kanada fitsari yana daskarewa kafin ya kai ƙasa. Kowa da irin tasa: sanyi, matan Turawa, ko na ci alade. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya fi ci mini rai, alhali shi ne ya sa kuka ga na tayar da jijiyar wuya a filin kokawa ran nan. To zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tare ni da zancen fitsari, za mu ɓata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Abdu na ma'aikatar dabbobi ta Tanut, wanda ake ce wa Likitan Shanu. Kafin in riƙe allura na yi kokawa a garinmu Gangara, har kafaɗata ta dama ta goce na bari. Ban yi wani suna na a zo a gani ba, amma in na shiga fili Illo makaɗi yana kirana, kuma ina da wurina a tabarmar tsofaffin ƴan kokawa. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

An zaɓe ni ne in je ƙaro ilimin lafiyar dabbobi na ƴan watanni a yankin Kebek, inda suke jin Faransanci. Na tashi bayan an gama yankan gero. Hanyar Tanut zuwa Damagaram kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba: mun kafe a rairayi, muka sauka muka tura, wani ɗan kasuwa mai ƙaton ciki ya ƙi sauka wai ƙafarsa na ciwo, muka tura har da shi. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa hanya ta kaɗa mu har na daina jin ƙuguna. A Yamai aka ba ni wata rigar sanyi da suke ce wa manto, wadda aka ɗinka wa wani gajere. Hannuwanta sun tsaya mini a tsakiyar damtse. Na yi magana, mai rabon ya ce ai can ma da rana. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Jirgin sama ba ni da abin faɗi a kansa, sai dai ban san inda gabas take ba, na yi sallata a zaune ina neman gafara. Rigima ta farko a bakin iyakarsu ta same ni. Uwar ƴaƴana ta haɗa mini kilishi mai kyau, ta naɗe a takarda ta ɗaure da zare. Ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya buɗe jakata, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Nama ne. Guzurina."

Ya ce ba a shiga da nama, don kada a kawo wa shanunsu cuta.

Na ce, "Yallaɓai, ni ne likitan saniyar nan. Da hannuna na yi mata allura. Na san mai ita, na san rijiyar da take sha."

Ko kallona bai yi ba. Ya jefa shi a wani kwando, ya buga mini hatimi, ya kira na bayana. Na tsaya ina kallon kwandon har wani ya ture ni. Kilishin da aka yi kwanaki ana shanyawa, ko ɗanɗanawa bai yi ba balle ya san abin da ya zubar.

An sauke ni a wani ƙaramin gari a bakin kogi, a gidan wata gwauruwa mai suna Madam Terez, wadda ke ba ɗaliban makarantarmu ɗaki da abinci. Mace ce mai kirki, amma kirkinta irin nasu ne. Ranar farko ta kawo miyar wake da wani jan abu yana yawo a ciki. Na tambaya, ta ce alade ne. Na ce ba na ci. Ta ce ba komai, ta sa cokali ta tsame naman ta ba karenta, ta turo mini kwanon tana murmushi, wai yanzu ya gyaru. Karen kuma a ɗakin yake kwana, yana da tabarmarsa kusa da murhu. Daga ranar na koma dankali da ƙwai da burodi, da wani ruwan itace mai zaƙi da suke zuba wa kusan komai. Wannan kam ba laifi.

Abin da ya fi abincin damuna shi ne rashin gaisuwa. Ka haɗu da mutum a hanya, ka buɗe baki za ka tambaye shi kwanan iyali, kafin ka kai ga gajiya ya yi nisa. Na ɗauka ni ake yi wa don baƙo ne, sai na ga haka suke yi wa junansu. Yaro zai wuce tsoho hannuwansa a aljihu, ko rusunawa babu.

A ƙarƙashin gidan akwai wani ɗaki cikin ƙasa inda tukunyar dumama gida take. Nan wan Madam yake zaune, sunansa Arman. Shi ke zuba gawayi, shi ke kwashe ƙanƙara daga ƙofa, shi ke fitar da shara. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ya yi furfura, yana jan ƙafar hagu, hancinsa ya karkace, gaban bakinsa kuma babu haƙori ko ɗaya. Ɗaliban gidan suna kiransa da sunansa tsirara, su aike shi kamar sa'ansu. Ni bakina bai iya ba. Na ce masa Baba Arman. Ya ce shi ba uban kowa ba ne, bai taɓa haihuwa ba. Na ce a wurinmu furfura ce ke haihuwa, ko ya so ko bai so ba ya samu ɗa. Ya yi dariya yana rufe baki da hannu.

Sanin da muka yi wa juna na gaske a bakin ƙofa ya faru. Wata safiya na fito da saurina, ban san dare ya mayar da matakala sulɓi ba, sai ga ni a ƙasa ƙafafu sama. Ni da aka sha wuya kafin a kai bayana ƙasa a Gangara, ruwa ya kada ni ba makaɗi ba ƴan kallo. Baba Arman ya ajiye shebur ya ɗago ni da hannu ɗaya. Da ya kama kafaɗata sai ya tsaya, ya sake latsa ta da babban yatsa.

Ya ce, "Wannan ba faɗuwar yau ba ce. Wa ya yi maka?"

Na ce, "Wani ɗan Tarka. Kokawa."

Ya gyaɗa kai, ya kama hannuna ya ɗora a gwiwarsa ta hagu. Na ji ƙashi ba a inda Allah ya ajiye shi ba. Ya ce, "Ni kuma oke."

Oke shi ne wasansu, kuma in na ce wasa kada ku ɗauka wasa ne. Kun ga yadda samarin Abzinawa ke bin ƙwallon goruba da sanduna masu lanƙwasa? To haka, sai dai a kan ruwan da ya daskare ake yi, ƙwallon kuma wata baƙar roba ce mai tauri, faifai-faifai kamar waina. Kowane ɗan wasa yana ɗaure da takalmi mai wuƙa a ƙasa, a tsaye, a kan kaifinta yake gudu. Akwai mai tsaron raga, akwai masu tare hanya, akwai ƴan gaba waɗanda aikinsu su kutsa su jefa. Ana bangaje mutum da katako, ana dukan haƙarƙari, jini ya zuba a share a ci gaba. Baba Arman ɗan gaba ne. Da wannan ya ci abinci tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare.

Ban yarda ba sai da na gani. Wata Asabar da hantsi ya ce in raka shi bayan gari, inda wani tafki ya daskare. Yana tafe yana ɗingishi, har na karɓi jakarsa. Ya zauna a kan kututture ya ɗaura takalman nan, ya miƙe da ƙyar, ya taka ƙanƙara. Wallahi sai na nemi gurgun na rasa. Ya tafi kamar an saki shaho, ya karkata ya zagayo, ya koma da baya ba tare da ya waiwaya ba, roba tana manne da sandarsa kamar ya shafa mata ƙaro. Ya taho mini a guje har na ja da baya, ya juya ƙafa ya tsaya cak, garin ƙanƙara ya watso mini a fuska. Na ji tsigar jikina ta tashi yadda take tashi in Illo ya saki ganga. Na duba hagu da dama in ga wa ya gani. Babu kowa sai ni da hankaki.

Daga ranar, in na taso daga makaranta sai in sauka ɗakinsa, mu zauna kusa da tukunyar wuta, ina jan shi da tambaya. Ni na san abin da nake nema: sunan uba, garin haihuwa, wa ya kayar, wa ya kayar da shi. Shi bai sani ba, ya ɗauka hira ce.

Ubansa mai saran itace ne a daji. A kan kogin garin nan ya koyi gudu, da takalmin aro wanda ya cusa wa tsumma. Yana saurayi masu ƙungiyar garin suka ɗauke shi, daga nan wata babbar ƙungiya ta birni ta gan shi ta tafi da shi. Ya ce akwai shekarun da in ya shiga gidan abinci ba a barinsa ya zauna shi kaɗai. Akwai ranar da ya jefa uku a raga shi ɗaya, tun yana ƙungiyar garin nan, mutane suka yi ta cillo hulunansu cikin fili har aka tsayar da wasa ana kwashewa. Haƙoransa kuwa ba rana ɗaya suka tafi ba, wasu sanda, wasu roba, wasu gwiwar hannun abokin gaba. Ya ce akan ɗinke mutum a bayan fili ba maganin kashe zafi, ya koma ya ƙarasa.

Na ce, "To da ka yi wannan duka, me ya fitar da kai daga birnin?"

Ya ce, "Sayar da ni suka yi."

Na ɗauka Faransancinsu ne ya sake kuɓuce mini. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana zuba gawayi, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Wai haka al'adar take. Mai ƙungiya yana iya sayar da ɗan wasa ga wata ƙungiya, ko ya yi musanyarsa da wani, ba tare da an tambaye shi ba. Shi a tashar jirgin ƙasa aka gaya masa, yana riƙe da jakarsa za su tafi wasa: kai ba da mu za ka ba, ka hau wancan. Waɗanda suka saye shi suka kawo likita ya lanƙwasa gwiwarsa, ya leƙa bakinsa, ya auna shi a sikeli. Bayan ƴan shekaru su ma suka miƙa shi gaba, haɗe da wani yaro, a karɓi mai tsaron raga. Da gwiwar ta fashe aka tura shi ƙananan ƙungiyoyi, yana gangarowa gari bayan gari, har ya dawo inda ya fara. Ranar da suka gama da shi, wani ne ya ce masa ya bar rigar wasan a kan ƙusa in zai fita.

Jama'a, ni aikina ke nan. Na san yadda ake ɗaga leɓen sa a duba haƙori a kasuwar Tanut, na san yadda ake latsa gwiwar raƙumi, na san yadda ake haɗa tsohuwar saniya da maraƙi don ciniki ya faɗa. Ban taɓa zaton zan zauna da ɗan Adam ya ce mini an yi masa haka, a ƙasar da aka aiko ni in koyo wayewa ba. Raina ya ɓaci har na kasa shan shayin da ya zuba mini.

Na ce, "Baba, a wurinmu in ɗan kokawa ya tsufa, tabarmarsa tana gaba. In ya shigo fili makaɗi zai bar kiɗan da yake yi ya kira shi, da sunan ubansa da garinsa da mazan da ya kayar. Samari su zo su durƙusa ya dafa kansu kafin su shiga. Ko ya makance sai an jawo shi."

Ya ce, "Ko ba ya iya komai?"

Na ce, "Ai ya riga ya iya."

Can ya ce shi tun da ya rataye rigar nan bai sake shiga gidan wasan garin ba, ga shi kuwa ana hango rufinsa daga tagar Madam.

Ni na matsa masa. Na ce ba zan koma gida ban ga oke na gaske ba, kuma ba zan je da kowa ba sai shi. Ya yi ta kawo dalilai, na yi ta rushewa, har ya gaji. Ranar Lahadi da azahar ya fito da wata tsohuwar kwat mai kyau, ya sa haƙoran roba da ban taɓa ganinsu a bakinsa ba, ya taje furfurarsa. Madam ta bi shi da kallo.

A ƙofa wani saurayi mai hula ya miƙa hannu yana jiran tikiti. Na tsaya ina jira ya ɗaga ido ya gane wanda ke gabansa, ya cire hula ya buɗe hanya. Ya ɗaga idon kuwa, ya ce, "Tsoho, ka matsa, kana tare layi." Baba Arman ya je ya yanki tikiti kamar kowa. Wurin da aka ba mu can sama ne kusa da rufi, bayan wani ginshiƙi, sai ka karkata kake ganin raga ɗaya. Ya hau matakalar nan da gwiwarsa yana hutawa, mutane suna ratsa shi ta dama da hagu. A jerin gaba kuwa, daf da fili, masu kantuna ne da matansu cikin rigunan gashi.

Wasan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma rabin hankalina yana kan tsohon. Kafaɗarsa tana motsi kafin yaran su juya, yana faɗin inda roba za ta tun ba ta je ba. Da aka tafi hutu aka fito share ƙanƙara, wuri ya ɗan lafa. Na duba gidan nan cike da mutanen garinsu, waɗanda iyayensu suka cilla masa huluna, babu ko ɗaya da ya waiwayo. Sai na ji abin ya taso mini daga ciki. Na miƙe, na cire manton nan na jefar, na ɗaga hannun dama sama kamar yadda ake yi, na buɗe murya da Hausa:

"Arman ɗan mai saran itace!
Na bakin kogi, mai tafiya bisa wuƙa!
Dogo, ka shiga ta gaba, maza suka bi ta gefe!
Ka jefa uku rana ɗaya, gari ya kwana ba hula!
Ka shuka haƙoranka a ƙanƙara, wasu suka girbe!
Sun duba gwiwa, sun duba baki, sun manta su duba gabanka!"

Kun san muryata. Gidan ya yi tsit, kawuna suka juyo. Na nuna shi da hannu biyu, na faɗi sunansa da Faransanci don kowa ya ji, na ce su tashi tsaye.

Dariya suka yi. Wani ya kwaikwayi muryata, wani ya jefo bawon gyaɗa, wasu samari suka fara tafi irin na tsokana suna buga ƙafa. Na ji wata mata tana cewa baƙin mutumin nan ya sha ya bugu, ni da ban taɓa kai giya bakina ba. Masu tsaro biyu suka hau suka kama ni ta damtse. Da a Gangara ne da ɗayansu ya ga rufin gidan daga ƙasa, amma na tuna ni baƙon gwamnati ne, na bi su. Suka tura ni waje cikin ƙanƙara, suka jefo mini mantona.

Jim kaɗan Baba Arman ya fito. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce, "Shekara da shekaru ba wanda ya san inda nake, ina zaune lafiya. Yau ka mayar da ni abin dariya a garinmu." Ya wuce yana jan ƙafa, bai jira ni ba.

Ya daina yi mini magana. In na sauka ɗakinsa sai in tarar da ƙofa a rufe. Madam ta ce mini a wurinsu ba a yabon mutum da ihu sai yana cikin fili yana wasa, in ya fita kuma aka yi masa, to ba'a ce. Na ce, "Madam, wato sai mutum yana da amfani ake kiran sunansa?" Ta ce ba haka take nufi ba. Na ce to yaya take nufi, ta tashi ta shiga wanke kwanoni. Na yi baƙin cikin ɓata masa rai, ƙwarai kuwa. Amma har gobe ban yarda ni ne mara kunya a gidan nan ba.

Ana saura kwana kaɗan in taso, ina haɗa kaya da rana, na ji takunsa a matakala, taku ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Abdu, abin da ka yi ta ihu ran nan. Me ka ce?"

Na zaunar da shi a bakin gado na fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan huluna ya yi murmushi. Da na zo kan haƙora ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce in sake faɗa da harshenmu, amma a hankali, kada Madam ta kira ƴan sanda. Na faɗa. Kirari da raɗa ba ya daɗi, amma na yi.

Ya ce, "A wurinku da ganga ake yi?"

Na ce da ganga.

"Kuma da gaske tashi suke yi?"

Na ce da gaske.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙar robar nan, tsohuwa, gefenta duk ya ci duka. Ya ce ita ce ta ukun a ranar huluna, ita kaɗai ya fita da ita daga sana'ar. Ya ce, "Ka kai wa mai gangar. In zai yarda, ya faɗa sau ɗaya a inda ba za a yi dariya ba. Ba sai na ji ba. In dai na san akwai wurin."

Na ɗauki alkawari. A bakin iyaka na sa ta cikin safa, na ce wannan kam sai dai a jefa ni kwandon tare da ita.

Sauran kun gani da idonku, amma ba ku ji abin da aka faɗa ba. Ranar kokawar bayan girbi na je wurin Illo tun kafin fili ya cika, na miƙa masa robar na gaya masa buƙatata. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya miƙo mini.

Ya ce, "Haba Likita. Ni in kira Nasara? Wanda ban taɓa gani ba, bai taɓa taka ƙasar nan ba? Wa ya kayar da na sani? Yo in na fara haka, gobe wani ya kawo mini sunan direban kamiyo."

Nan ne kuka ji muryata ta tashi. Na ce na ƙetare duniya ina yi wa mutane alfahari da gangarsa, ashe shi ma sai ya duba gwiwa da baki. Ya ce kada in zage shi a gaban yaransa. Muna cikin haka Baba Tanko ya aiko a kira mu. Ga wanda bai san shi ba, shi ne babba a tabarmar tsofaffi, ya yi zamaninsa tun kafin a haife ni, yanzu ko gani ba ya yi sosai. Muka durƙusa. Ya ce in ba shi labari, na ba shi a taƙaice: kogi, wuƙa, huluna, haƙora. Yana ji yana murza robar a tafinsa. Da na zo kan tashar jirgi, hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Sayarwa ka ce?"

Na ce, "Sayarwa, Baba."

"Mutum? Yana tsaye da kayansa?"

"Yana tsaye da kayansa."

Duk wanda ke zaune a wurin ya san mahaifiyar Baba Tanko ba a ƙasarmu ta Damargu aka haife ta ba, ya san kuma sayo ta aka yi aka kawo ta, ko da yake ba a faɗi. Tsohon ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin makaɗi.

Ya ce, "Illo, kira shi."

Illo ya ce, "Baba, ban san kiɗansa ba."

Ya ce, "Yi mishi nawa."

Shi ya sa kuka ji an saki taken Baba Tanko amma aka kira wani suna daban. Na tsaya kusa da Illo ina ba shi baiti yana ɗagawa, har ya ƙara nasa da ban ba shi ba. Baba Tanko ya dafa kafaɗata, ta daman nan mai ciwo, ya miƙe tsaye da ƙyar. Da ya tashi tabarma duka ta tashi, samarin da ke ɗaure da layu suka tashi, fili ya tashi har masu kujera. Yawancinku ba ku san wa ake kira ba. Na ga Mamman tela yana tambayar na kusa da shi ko wani sabon kumandan ne. Amma ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa hawaye suka zubo mini a gaban yara, ban share ba.

Robar tana cikin jakar gangar Illo yanzu, ya ce ba zai mayar ba. Ya kuma ce tun da an kira sau ɗaya an kira ke nan, duk shekara sai an yi, don ganga ba ta ajiye mutum in ta ɗauke shi. To ga amsar tambayoyinku: sanyi akwai, alade ban ci ba, fitsari kuma yana kaiwa ƙasa. In kaka ta zagayo kuka ji Illo ya ce ɗan mai saran itace, can a bakin wani kogi akwai tsoho yana zuba gawayi a ƙarƙashin gidan ƙanwarsa. Ba zai ji ba. Ku dai ku tashi.